Ƙullin ƙyallen ya canza

Gwaggo, ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure.

Mijina mai gyaran agogo ne. Bara wasu mutane marasa kaki suka ɗauke shi daga shago, ko tabaraunsa ba su bari ya ɗauka ba. Ba tuhuma, ba kotu. Ofishin da aka kai shi sun rantse ba su san shi ba, amma kullum na kai abinci ƙofarsu sai su karɓa. Mutumin da babu shi, ga shi yana cin abinci! Da yamma a miƙo mini kwano wayam, ɗaure da ƙyallena. Malam, mijin nawa, yana da ɗaurinsa, ƙulli mai ɗan kunne a gefe, wanda na daɗe ina yi masa tsiya saboda wuyar kwancewa. Da wannan ƙullin muke gaisawa.

Tun watan jiya ƙullin ya canza. Wani ƙato nake ciyarwa, Allah ya isa. Na karanta dokar ƙasa na san haƙƙinsa, amma Inna, mahaifiyarsa, ta hana ni zuwa kotu, wai kada a fusata su. Ita ke wanke kwanon tana murna ɗanta ya cinye. Ni kuwa in shige ɗaki in toshe baki da filo. In gaya mata ne, ko in ci gaba da girki?

Matar mai agogo

’Yar’uwa, Allah ya sanyaya miki. Canjin ƙulli ba sanarwar mutuwa ba ce, wataƙila wani wurin aka mayar da shi. Tsoron Inna kuma ba shirme ba ne, uwa ce, ta ga abin da suke iyawa. Sai dai an gwada shiru shekara guda, bai dawo da shi ba, kuma wanda ba a cigiyarsa ya fi sauƙin ɓatarwa.

Ki nemi lauya cikin masu kare haƙƙin ɗan Adam, ya roƙi kotu ta umarce su su fito da shi. Karɓar abincin nan hujja ce a kansu. Matan da kuke layin kai abinci tare sun gani, ki lallaɓi masu ƙarfin hali su ba da shaida. Kada ki daina kai kwanon tukuna.

Inna kuwa, ki zaunar da ita ki nuna mata ƙyallen. Ita ta haife shi, ta san ɗaurinsa.

Allah ya dawo miki da ranar da za ki sake fama da wancan ƙullin.