Haƙorin Makkan Hajiya Bara'atu

Kunci,
Ranar Talata, bayan Babbar Salla.

Zuwa ga jikana Fatihu, maigidana marar cefane,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Yaya karatu, yaya zafin birni? Mu nan ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa. Na rubuto da hannuna na ba Yahya direba, don in na kira ka a waya duk matan gidan nan sai su kasa kunne.

Kai Fatihu, ashe haka kake? Ka zo da Salla ka ce in buɗe baki ka duba mini dasashin da ke ciwo. Na buɗe. Ka cusa wata 'yar takarda siririya a gindin haƙorina na Makka, ka jefa a kwalba, ka sa na sa hannu a fom. Na ɗauka magani za ka haɗo. Sai jiya babanka Muntaka yake ba ni labari yana dariya, wai ƙwayoyin cutar bakina kake kiwo a makarantarku. Wai ka zuba su a faranti, kana ba su jinin tunkiya, ka sa su a akwati mai ɗumi, ka toshe kada iska ta dame su. Har suna ka raɗa mini, wai Lamba Sha Huɗu.

Ni da na goya ubanka na goya ka, ko tsinke ɗaya na tsire ba ka taɓa kawo mini ba. Amma ƙazantar bakina ta samu ɗaki da abinci da mai gadi! In auren nan namu ya ishe ka, ka faɗa, masu so na nan.

Batun ciwo kuwa, kada ka damu, ina maganin abina. Kullum da safe nakan sa tsinken tsintsiya in tsokane wurin har mugun jinin ya fita, kamar yadda wanzami ke yi da ƙaho, sannan in tofar. Haka uwata ta yi. Haƙorin dai yana ɗan girgiɗi in na ci goro, amma kada ka gaya wa babanka. Asibiti ba ni zuwa. Maƙwabciyata Jumma ta je da haƙori ɗaya mai ciwo, ta dawo da giɓi uku. Wannan haƙorin a Makka aka sa mini shi, kuma da shi za a binne ni.

Ka gai da malamanka, ka ce musu mai kayan tana nan da ranta.

Kakarka,
Hajiya Bara'atu


Kunci,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Fatihu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Lafiya lau muke, sai dai ni ban yi barcin kirki ba tun da takardarka ta zo. Na karanta ta sau uku. Rubutunka kamar sawun kaza, amma na gane.

Ka ce ka raba ƙwayoyin nan gida biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Kashi ɗaya ka ƙosar da su da jini, kashi ɗaya ka rage musu. Waɗanda suka ƙoshi suka yi baƙi ƙirin, suka yi wari, suka riƙa fitar da abin da ke narkar da nama. Waɗanda aka rage wa suka yi laushi, ba su da kataɓus. Ka ce iska maƙiyiyarsu ce, shi ya sa suke son rami mai zurfi mai ɗumi, irin wanda ke gefen ƙarfen haƙorina. Sannan ka rufe da cewa duk safiyar da na tsokane dasashi da tsinke, kalaci na kai musu, na kuma ƙara faɗaɗa musu ɗaki.

Da na kai nan sai na yi jifa da takardar. Yaron da na share wa majina shi zai ce ni ke ciyar da cutar da ke cina? Shekara nawa ina fitar da jinin nan ina cewa mugu ne!

Na fita bayan gida in huce, sai idona ya faɗa kan turke. Ka tuna tagwayen ragunan da tunkiyata ta haifa bara waccan? Ɗaya na turke shi a inuwa, dusa da harawa da ƙaiƙayin wake ba ya yankewa. Ɗayan na bar shi yana bin garke yana kalar kara. Na turken nan kafin wata huɗu ya zama ɗan iska, shi ya tunkuyi babanka ya faɗa kwatami. Ɗan'uwansa kuwa ko akuya ta harare shi sai ya kauce. Na tsaya a wurin na daɗe. Ni da duk Kunci aka sani da iya turka, ashe wata turkar nake yi a cikin bakina, da jinina, kyauta.

Kada ka yi murna, ban ce ka yi gaskiya ba. Cewa na yi ragona ya yi gaskiya.

Sai maganar sukari. Wata uku ke nan babanka ya hana a sa mini sukari a shayi, wai don dasashi. Yanzu kai ka ce waɗannan ba ruwansu da sukari, nama da jini suke ci. Na kai masa takardar har gona na nuna masa layin. Shi kuma ya sa yatsa a layin ƙasa, inda ka ce masu huda haƙori su sukari suke so, don haka a ci gaba da hana ni. Wato bakina unguwa biyu ne, kowace da abincinta, ni mai gidan ce kawai ba a tambaya me nake so. Me ya kai ka ƙara wannan layin, munafuki?

Na ajiye tsinke. Ina kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ina goga asuwaki a hankali kamar yadda ka ce. Likitar da ka ambata, Tahira, zan je ta gani, amma da sharaɗi: ta duba da ido, kada ta taɓa mini ƙarfe.

Kakarka da ke fushi da kai,
Hajiya Bara'atu


Kunci,
Ranar Alhamis, farkon kaka.

Zuwa ga maigidana Fatihu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina karatu? An fara yankan gero, kowa lafiya. Na san babanka ya riga ya tsegunta maka, amma ka ji daga bakin mai abin, ko da yake bakin ya ragu.

An cire shi.

Likita Tahira yarinya ce mai ladabi, har ƙasa ta gaishe ni, shi ya sa na kasa zaginta. Ta zura wani ɗan ƙarfe mai awo a gefen haƙorin, ya shige kamar an sa muciya a tukunya. Ta ɗauki hoto ta nuna mini ƙashin da ke riƙe da shi, ya cinye saura kaɗan. Ta ce da na zo shekara biyu baya, da wankewa kawai za a yi. Yanzu in an bar shi, ramin zai ci na kusa da shi. Na ce mata sharaɗina. Ta ce, "Hajiya, ba zan taɓa ba sai kin ce." Ta bar ni a kujerar ta fita.

Abin da ban taɓa gaya maka ba ke nan. Shekarar da muka sauke farali da kakanka, Allah ya jiƙansa, shi ya kai ni shagon mai haƙori da kansa. Na ce shi ma ya sa. Ya ce a'a, shi ba ya ganin cikin bakinsa, nawa zai riƙa kallo. Daga ranar har ya bar duniya, in ya dawo daga gona a gajiye sai ya tsokane ni da wata magana don in yi dariya ya ga Makka. Rabin tatsuniyoyin da na yi muku kuna yara, shi nake ba wa dariya daga bayan zana. Wannan nake tsarewa, Fatihu. Da hannuna kuma na riƙa ciyar da abin da ya ci gindin haƙorin, kullum da safe, ina ganin gata nake yi masa. Ba kai nake jin haushi ba, ba likita ba. Tsinken nan nake jin haushi, da duk wanda ya ga ina yi bai ce mini komai ba, har da uwata, Allah ya gafarta mata.

Na kira likitar na ce ta yi bisimilla.

Ta wanke sauran, ta ce za su zauna in na kiyaye. Ƙarfen na sa ta wanke mini shi, na ƙulle a bakin mayafin da na yi ɗawafi da shi. Na ce da shi za a binne ni, to ka ga ban yi ƙarya da yawa ba, yana ɗakina.

Yanzu in na ce "sannu" sai fito ya fita. Jumma ta zo dubiya tana murna ta samu 'yar'uwa. Shekaranjiya a gidan suna na kama mata biyu suna tsokanar dasashi bayan cin nama, na ƙwace tsinkayen na ba su labarin ragona. Ɗaya ta ce Hajiya ta zama likita. Na ce a'a, mijina Fatihu ne likita, ni kiwo na sani.

Saura waɗanda ke akwatinka. Ka gama rubutunka da su, ka ci jarrabawa, tunda sun ci nawa dole su biya ka. Ranar da ka gama, kada ka ƙara ba su ko ɗigo. Ka buɗe murfin, ka bar iska ta shiga, ka tsaya a kansu ka ce in ji ni.

In za ka zo, ka taho da tsire. A daka shi.

Taka har kullum,
Lamba Sha Huɗu,
wadda har yanzu Hajiya ce