Ruwan Ƙofar Baya

Assalamu alaikum Umma. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Allah.

Wannan ce damina ta biyu ba ke.

Kin tuna lokacin da kike shara a ɗakin marasa lafiya masu tsanani, inda inji ke taya mutum numfashi? Da an ga hadarin farko sai ki tafi da ni asibiti ranar Asabar. Ni ce mai riƙe bakin buhu, ke kina zuba yashi. Mu jera su a ƙofar baya, sannan ki bi wayoyin injina ɗaya bayan ɗaya ki ɗage su daga ƙasa, ki ɗaure da tsumma a jikin gado.

Masu gadi suna yi miki tsiya, wai Injiniya Ladi ta iso. Ke kuma ki ce, “Ku yi ta kallon rufi, ruwan ɗakin nan ta kwata yake sallama.” A hanyar gida ki saya mini gurasa a Ƙofar Ɗan Agundi, hannunki yana warin Izal.

Umma, Baba ne a ɗakin yanzu. Ranar Talata aka yi masa aiki a ciki, bai farka ba, inji ke numfashi dominsa.

Jiya bayan azahar hadari ya haɗo. Na leƙa ta gilashi, na ga an jera bokitai saboda yoyo. Ƙofar baya babu buhu ko ɗaya, wayar injin Baba tana kwance a ƙasa. Duk ma'aikatan sababbi ne.

Kin san ni, ko a aji ba na ɗaga hannu. Sau uku ina zuwa teburin Sista ina komawa. Na huɗu na faɗa mata maganar kwata da wayar, ina kallon takalmina. Sai ta tashi ta kira masu gadi, aka jera buhunan yashi, aka ɗage wayar.

Ruwan ya sauko da la'asar. Kwata ta cika, ya zo har bakin ƙofar, ya tsaya. Injin bai ɗauke ba.

Yau da safe Baba ya motsa yatsunsa a cikin hannuna. Na juya in gaya miki.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya tashi kafaɗun Baba, Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

'Yarki,
Bintu