Yatsan Baba Katekis

Laraba, 5 ga Maris
Laraba ta Toka. Na kai Baba garin Bungudu a babur, da tokar da Fada ya sa wa albarka. Shekara talatin da ɗaya yana katekis, duk inda Fada bai samu zuwa ba shi ke zuwa. Da muka dawo Sabon Gari ya cire takalmi, sai ga safa ta manne da babban yatsa. Wai in yi shiru kada Mama ta ji.

Juma'a, 7 ga Maris
Likita ya ce suga ya hau, gyambon kuma ba na wasa ba ne. Sati uku ba takalmi, ba azumi, ba durƙuso, in ba haka ba yatsan zai tafi. Baba ya ce to. Na san wannan to ɗin.
Ƙarfe uku muna cocin Tsafe, Hanyar Gicciye. Zango goma sha huɗu, kowanne sai an durƙusa a kan siminti. In mutum ya durƙusa, yatsun ƙafa ke lanƙwashewa. Ni kaɗai na ga haka, don ina tsaye a baya.

Talata, 11 ga Maris
Mata shida da galan na ruwa tun da safe, wai Baba ya yi addu'a a kai. Ya ce shi ba Fada ba ne, amma ya tashi. Ba wadda ta kalli ƙafarsa.

Juma'a, 14 ga Maris
Tsafe kuma. Bayan an tashi Mama Deborah ta zumuntar mata ta kama hannuna, wai Ezekiel, ubanka waliyyi ne, ka ga yadda fuskarsa ke haske? Zazzaɓi ne. Gumi ne ke sheƙi. Na haɗiye maganar, don a shekaru ta haife ni.

Lahadi, 23 ga Maris
Maƙwabcinmu Malam Attahiru tela ya leƙo. Su ma azumi suke. Ya ce, "Malam Iliya, ko a wurinmu an ɗauke wa marar lafiya." Baba ya yi dariya, ya ce ai a wurinsu ma haka ne. To don me? Shi ya koya wa rabin garin nan cewa jiki amanar Allah ne. Nasa ne kawai ba amana ba.

Juma'a, 28 ga Maris
Na ɓoye makullin babur. Ya shiga motar haya.

Asabar, 29 ga Maris
Na je wurin Fada na faɗi komai, har warin da ɗakin ke yi. Ya zo da kansa, ya ga ƙafar, ya ce daga yau umarni ne, ba fita. Baba ya sunkuyar da kai, don bai taɓa musu da Fada ba. Da Fada ya tafi Baba ya ce mini, "Ka kai ƙarata." Na ce e. Ya ce, "Mutanen Tsafe ba mai karatu a cikinsu, Ezekiel." Na ce su koya.

Alhamis, 3 ga Afrilu
An yanke yatsan. Likita ya ce da mun ƙara sati ɗaya, da har gwiwa ne. Mama ba ta yi kuka ba sai a bakin famfo. Masu dubiya cike da baranda, ana ta cewa gicciyensa ne ya ɗauka. Gicciyen da ku kuka ɗora masa.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Na tafi Tsafe don in wanke su tas. Tun daga hanya nake shirya maganar.
Na tarar da su goma sha ɗaya a zaune, sun share coci, sun kunna kyandir. Ba wanda ya gaya musu abin da ya sami Baba. Tsoho Adamu, wanda ke tahowa da ƙafa daga gona, ya tambayi ina Malam. Na faɗa. Ya cire hula. Can ya ce su sun ɗauka tsufa ne ke sa shi ɗingishi. Sai ya ce to wa zai ja mana?
Ni na ja. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma ashe duk addu'o'in suna kaina, tsayuwar baya ba ta tafi a banza ba. Na yi tuntuɓe a zango na tara, Mama Deborah ta ɗora ni.
Faɗan yana nan, ban fasa ba. Sai Juma'a mai zuwa, tunda dai zan koma.