Inna, Na Sa Baffa a Ɗakin Kwano

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san ba za ki karanta wannan wasiƙa ba. Na rubuta ta ne a inda mutane za su gani, domin akwai masu yawo da zancena a Jibiya suna cewa ba ni da imani. Na fi so su ji daga bakina, kuma a gabanki.

Inna, gidanmu ya dawo hannunmu, ni da ƙanena Sanusi. A ɗakinki na soro nake zaune yanzu, azahar ta gota, rana tana dukan gari, amma ko mafici ban ɗauka ba.

Kin fi ni sanin ɗakin nan. Kakanmu ya gina shi da tubali, bango mai kaurin da nake zama cikin tagarsa ina yarinya, da rufin azara da ƙasa. Kowace shekara kafin damina Baba yakan hau ya yi masa yaɓe, ya share indararo. Da bazara matan maƙwabta sukan kawo jariransu su shimfiɗe a tabarmarki su yi barci, ke kuma kina kaɗi kina ba su ruwan randa mai sanyin da ke riƙe haƙori. Ga darbejiyar ƙofar gida tana tare ranar yamma.

Da Baba ya rasu, ina gidan mijina a Maraɗi, Sanusi yana tuƙin mota a Kudu. Sai Baffa Mamman, ƙanin Baba, ya ce shi zai kula da ke da gidan. Muka yi masa godiya har da durƙuso.

Lokacin kasuwarsa ta tsallaken iyaka tana ci. Madara, dabino, man girki, taliya, kullum kaya na shigowa. Shagonsa na bakin tasha kwano ne, zafi yana ɓata masa kaya. Ya shigo gaishe ki wata rana, ya zauna a ɗakinki, ya ji sanyi. Bayan nan ne ya fara cewa rufin ya tsage, wai zai rufto miki. Inna, rufin nan lafiyarsa ƙalau a lokacin. Ni na sani, ke ma kin sani.

Ya gina miki ɗakin bulo a jikin katangar yamma. Kwano tsirara, ba silin, kuma gajere, in na miƙa hannu ina taɓa shi. Taga ɗaya ƙarama, ita ma tana kallon bangon maƙwabci. Ya ce miki, “Ai na zamani na yi miki, Rabi. Ki fito daga ramin ƙasar nan.” Sannan ya sare darbejiya don motar kayansa ta riƙa kawo baya har ƙofa.

Da na yi faɗa a waya, kika ce, “A bar shi. Ƙanin ubanku ne.”

Ban san munin abin ba sai da na zo a bazarar farko. Na shiga ɗakin, na ji kamar an kifa mini tukunya. Ƙarfen gadonki ba ya taɓuwa. Na same ki kin jiƙa zane kin lulluɓa, wuyanki da bayanki duk ƙurajen zafi, ga hawan jinin da kike fama da shi. In rana ta yi tsaka sai ki ja tabarma zuwa 'yar inuwar bangon banɗaki, nan kike wuni, ke da kika haifi 'ya'yanki a gidan nan. Na leƙa soro. Kwalaye da buhuna jere har sama, kwance cikin sanyi.

Na je na durƙusa gaban Baffa na roƙe shi ko silin ya sa miki, ko zana ya ɗora bisa kwanon. Ya yi dariya. Ya ce, “Duk Jibiya wa bai jin zafi? Kaya lalacewa suke, mutum kuwa gumi kawai zai yi.”

Na roƙe ki ki bi ni Maraɗi. Kika ce ba za ki bar gidan da aka fitar da gawar mijinki ba. Na gaya wa Sanusi, ya kira ki, kika ce masa ina ƙara gishiri ne, lafiya lau kike. Da muka yi niyyar gyara ɗakin da kanmu, Baffa ya kori mai aikin, wai mun raina shi a idon gari, ke kuma kika haɗa mu da Allah mu bar maganar. Haƙurinki ya ɗaure mana hannu, Inna. Wannan kaɗai nake jin haushinki a kai, kuma ki yafe mini da na faɗa.

Shekarar da iyaka take rufe ita ce bazararki ta ƙarshe. Irin zafin nan ne na gab da damina, hadari ya haɗu ya ƙi zuba, iska ta tsaya cak, jiki yana danƙo, gumi ba ya bushewa. Baba Larai, matar Baffa, wadda ke kawo miki tuwo a ɓoye, ita ta same ki a ƙasa bayan azahar, hannunki a kan buta.

Ta kira ni. Na taso daga Maraɗi, na zo bakin iyaka, aka ce ba mai wucewa. Na yi kuka, na nuna musu wayata, ba wanda ya saurare ni. Sai ta hanyar daji na biyo a kan babur, cikin yashi da ƙaya. Na iso ana dawowa daga maƙabarta. Ban ga fuskarki ba.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa lokaci ne. Na yarda lokaci ne, ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba. Amma na ga Baffa ya sa an kwashe sauran kayansa, an shimfiɗa darduma a soro, ya zauna ciki da manyan baƙinsa yana karɓar gaisuwarki, don kada zafi ya dame su. Ɗakin da ya ce zai rufto. A ranar na ɗauki alkawari a raina, ban gaya wa kowa ba.

Sanusi ya dawo gida gaba ɗaya. Ya kai magana gaban mai unguwa, aka tabbatar wa Baffa ba shi da ko taki ɗaya a gidan. Bai ma ja ba, don kasuwar ta riga ta mutu, ba kayan da zai ajiye. Maigidana ya yarda muka dawo Jibiya muka zauna tare da Sanusi da iyalinsa.

Sai dai gidan da ya bar mana ba shi ne wanda kika sani ba. Bai taɓa yin yaɓe ba, don haka rufin soro ya tsage da gaske, ruwa ya ci bango, gara ta shiga azara. Mutane suka ce mu rushe mu yi bulo kamar kowa. Na ce sai dai a rushe da ni a ciki.

Muka kira Malam Idi magini, abokin Baba. Ya canza azarar da ta ruɓe, ya sake rufin ƙasa, ya yi yaɓe da makuba. Sannan aka kafa kwano a sama kamar laima, aka bar rata tsakaninsa da rufin, ruwa ba ya taɓa ƙasar, iska kuma tana ratsawa ta kwashe zafi. Ɗakunan su Sanusi da suke na kwano, aka sa musu silin, aka shimfiɗa zana a kansa, aka buɗe ƙananan kafofi a ƙarƙashin rufi aka rufe da raga. Kowane ɗaki aka fasa masa taga ta biyu tana kallon ta farko, saboda zafin damina ba ya jin kaurin bango, sai iska ta shiga ta fita. Muka shafa farin fenti a kwano, muka yi rumfa a yamma, na dasa darbejiya da hannuna kusa da kututturen wadda ya sare.

Ɗaki ɗaya na hana a taɓa. Malam Idi ya tambaye ni, na ce ya bar shi yadda yake. Sanusi ya dube ni.

Ban daɗe ina jira ba. Baffa ya sayar da gidansa, ya koma haya, nan ma aka ba shi sallama. 'Ya'yansa maza kowa ya kama gabansa. Ciwon suga ya rage shi, ƙafa ta kumbura. A farkon bazarar bana ya zo ƙofar gida da sanda, liman yana gefensa, Baba Larai tana baya da ƙullin kaya. Liman ya yi wa'azi a kan zumunci. Sanusi ya ce, “Yaya Binta ce babba, abin da ta ce shi ke nan.”

Na kama hannun Baba Larai na kai ta ɗakin da ke kusa da nawa, na shimfiɗa mata katifa. Sannan na dawo na buɗe masa ɗakin kwano. Zafi ya fito ya dake mu a fuska. Ya tsaya a ƙofa ya ce, “Binta, nan?”

Na ce, “Na zamani ne, Baffa.”

Ban hana shi abinci ba, ban hana shi ruwa ba, maganinsa ma Sanusi ke sayowa. Amma na sa aka jingine allunan silin da zanar ɗakin a jikin bangonsa, inda zai gan su duk sanda ya fito alwala. Na gan shi ya jiƙa rawaninsa ya ɗora a ka. Na gan shi yana jan tabarma zuwa inuwar banɗaki, daidai inda kike zama. Inna, na tsaya a taga na dube shi, na laluba zuciyata ko zan sami tausayi. Ban samu ba. Abin da na ji shi ne na ci abinci ya zauna mini a ciki, karo na farko tun rasuwarki.

Gari ya ɗauka. Wai ɗiyar Rabi tana gasa tsoho. Mutanen da suka wuce ƙofar nan kina gasuwa ba su ce uffan ba, su ne yanzu ke aiko mini da nasiha.

Baba Larai ce kaɗai na saurara. Ta shigo ta riƙe ƙafata, ta ce jiri ya kayar da shi a bakin ƙofa. Na ce mata ba ransa nake so ba. Abin da nake so, ya tara mutanen da ya zauna da su a soro ranar makoki, ya faɗa da bakinsa abin da ya yi. Ranar da ya faɗa, ranar Malam Idi zai fara aiki a ɗakinsa.

Ya yi ta taurin kai har hadarin farko ya fara haɗuwa, irin zafin nan da ya ɗauke ki ya sauko. Juma'ar da ta wuce, bayan an sakko daga masallaci, ya tara su a zaure. Ina bayan asabari ina ji. Ya ce rufin soro bai tsage ba, ƙarya ya yi. Ya ce don kayansa ya fitar da ke. Ya ce na roƙe shi a durƙushe ya yi mini dariya. Wasu suka sunkuyar da kai don sun san da su ake.

Kafin la'asar Malam Idi ya hau. An sa silin, an fasa taga, na cika alkawari.

Da zan wuce, Baffa ya kira ni. Ya ce, “To kin yafe mini?” Na ce masa silin na yi alkawari, ban yi alkawarin yafiya ba. Ba ni ya sa a ɗakin ba. Wadda ke da hakkin tana maƙabarta, ya jira su haɗu.

Na san da kina nan da kin rufe mini baki. Na san ma wataƙila kin yafe masa tun kina kwance a ƙasan ɗakin nan, don haka halinki yake. Wannan tsakaninki da Ubangijinki ne. Ni dai ban kai ki ba, kuma ban yi nadama ba.

Bari in ba ki labari mai daɗi kafin in rufe. Na haihu bayan ƙaramar salla, mace. An sa mata sunanki, muna ce mata Ummi. Ta ɗebo goshinki da 'yan yatsunki dogaye. Ga ta nan kusa da ni tana barci, ta ware hannuwa, jikinta sumul, ko ƙurji ɗaya babu. In ta yi kuka nakan ce mata yi haƙuri Inna, sai in ji hawaye ya zubo mini. Da kin ɗauke ta ko sau ɗaya.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sanyaya makwancinki. Ya shayar da ke daga tafkin Manzonsa, ya haɗa ki da Baba a inuwar da ba ta gushewa. Hakkinki kuma, Allah ya bi miki shi har ƙarshe. Amin.

Ɗiyarki ta fari, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta,

Binta
Jibiya