An Hana Ƙanwata Shiga Gidan Malama Debora

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya kwana goma yana cina, kuma duk wanda na fara gaya wa sai ya ce in rabu da sha'anin gidan wasu.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, kullum da sassafe nake shiga motar Abuja, sai yamma nake dawowa Suleja. Ina da ƙanwa, Saudatu, shekarunta ashirin da shida. Sai da ta shekara huɗu kafin ta yi tafiya, magana kuwa har yau kalma biyu ko uku take haɗawa. Likita ya gaya wa Innarmu haka aka haife ta, ƙwaƙwalwarta ba za ta girma daidai da jikinta ba. Da Inna ta rasu, riƙonta ya dawo hannuna.

Zan faɗi gaskiya, ban riƙe ta da kyau ba. Kunyarta nake ji. In abokan aikina za su zo, sai in ce wa matata ta shigar da ita ɗaki. In za mu fita biki, da kwaɗo muke kulle ta.

Maƙwabciyarmu, Malama Debora, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya. Wata rana ta ji Saudatu tana dukan ƙofa tana kuka. Da na dawo ta zo ta same ni. Na zaci faɗa za ta yi mini, amma sai ta roƙi in riƙa ba ta aron ƙanwata na awa biyu kullum. Gwaggo, abin da matar nan ta yi cikin shekara uku ban taɓa ganin irinsa ba. Ta koya mata wanka da kanta, da tsince shinkafa, da ban ruwa a lambun alayyafonta, da zuwa injin niƙa ta dawo ita kaɗai. Wata biyar suka yi a kan maɓallin riga kawai, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ita Kirista ce, amma ita ta kira matata ta ce a koya wa Saudatu alwala, kuma in an kira salla ita ke tuna mata.

A watan Satumba mijinta, Malam Nehemiya, ya rasu. Tun da aka binne shi Malama ta zama wata daban. Ta daina zuwa coci, ta daina wanka, sai ta wuni zaune tana kallon bango. Ta taɓa ce wa matata ba ta ga amfanin zamanta a duniya ba. Matan cocinsu sun yi ta lallashi, ta ƙi cin komai. Saudatu ce, ba wanda ya aike ta, ta ɗauki kofin kokonta ta je ta zauna a gabanta, ta miƙa mata cokali tana ta maimaita cewa Mama ta sha, don haka take kiran ta. Ta fi awa ɗaya a haka, har Malama ta buɗe baki. Daga ranar, daga hannunta kaɗai take ci. Ita ke taje mata kai, ita ke jan ta zuwa inuwa ta sha iska.

To, ɗan Malama, Kefas, ya zo daga Jos. Wasu suka gaya masa wai yawan zama da mahaukaciya ne ya shafi uwarsa. Ya hana Saudatu shiga, ya ce zai kai Malama wani wurin addu'a a ƙauye ta zauna can. Yanzu kullum ƙanwata tana tsaye a ƙofarsu da kofi a hannu. Ita ma ta rage cin abinci, ta koma cizon hannunta kamar da. Kawuna Isiyaku ya ce in ja bakina in yi shiru, tunda gidan ba nawa ba ne. Ni kuma raina ya ɓaci, ina so in je in gaya wa Kefas magana, sai in tuna ni ne mai kwaɗon nan. Da wane baki zan yi masa faɗa? Me zan yi?

Wan Saudatu, Kurmin Sarki, Suleja

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma mata biyun nan sun burge ni. Ɗaya ta ga mutum a inda kowa ke ganin nauyi. Ɗayar, wadda ake cewa ba ta gane komai, ta gane abin da masu lafiya suka kasa ganewa. Ka yi alfahari da ƙanwarka.

Bari mu raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Saudatu ba mahaukaciya ba ce. Jinkirin fahimta ne da aka haife ta da shi, ba a ɗaukarsa, ba ya shafar kowa. Abin da ka bayyana game da Malama kuwa ya yi kama da ciwon damuwa mai tsanani, wanda kan biyo bayan babban rashi. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma ana samun sauƙinsa. Amma macen da ta daina ci, har ta ce ba ta ga amfanin rayuwarta ba, ba a jira da ita. A kai ta babban asibiti cikin makon nan, a gaya wa likita wannan maganar tata yadda ta faɗe ta, a nemi ya haɗa su da likitan ƙwaƙwalwa. Kafin nan kada a bar ta ita kaɗai. Addu'a tana da kyau, a yi ta sosai, amma tare da magani, kuma a gidanta cikin mutanen da ta sani.

Kada ka je wa Kefas da faɗa. Ya yi kuskure, amma yaro ne da ya binne uba ya dawo ya tarar uwa tana ƙarewa, tsoro ne ke magana a bakinsa. Kawunka yana da gaskiya cewa gidan ba naka ba ne, sai dai maƙwabtaka tana da haƙƙi, kuma shirunka zai cutar da mutum biyu. Ka nemi fastonsu ko ɗaya daga cikin matan cocin da suka ga Malama tana ci daga hannun Saudatu, ku je tare. Ka fara da ta'aziyya. Sannan ka ba shi labarinka kamar yadda ka ba ni, ba tare da ka ɓoye laifinka ba. Wanda ya taɓa yin kuskuren ya fi kowa bakin magana, in ya yi ta da tawali'u. Abu kaɗan za ka roƙa: a bar Saudatu ta shiga sau ɗaya, shi yana zaune yana kallo.

In ya ƙi, kada ka bar ƙanwarka tsaye a titi. Ka zaunar da ita ka gaya mata da kalmomi masu sauƙi cewa Mama ba ta da lafiya, kuma ba laifinta ba ne. Ta ci gaba da ayyukan da ta saba, kai da matarka ku karɓi koyarwar daga inda Malama ta tsaya. Ranar Asabar ba ka zuwa Abuja, ka ba ta wunin. Cizon hannun in ya ci gaba, ita ma likita ya gan ta.

Allah Ya ba Malama Debora lafiya da haƙurin rashi, Ya sanyaya zuciyar ɗanta, Ya yi wa Saudatu albarka, kai kuma Ya ba ka ikon riƙe ta da mutunci.

Gwaggonku