Tsutsar Ɗakin Baba

Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙarin haƙuri? Ya yara, ya ƙafar taki? Allah ya jiƙan Baba.

Na koma aiki. Tun safe ina gaban madubin duba ƙananan halittu, ina feɗe tsutsar ƙudan nama, sana'ar da kike cewa ita ta kore min manema. Shi wannan ƙuda ba ya ƙwai, tsutsa yake haifa da ranta. Ƙugiyar bakinta muke dubawa, da ƙofofin numfashinta na baya, mu gane wane ƙuda ne ɗan'uwan wane. Ina ci, ina barci. Kuka dai har yau bai zo ba.

Kin tambaye ni ko gaskiya maƙwabcin Baba ya faɗa, cewa gawar Baba ba ta ko kwana a ƙasa ba aka fasa ƙofar ɗakinsa. Kin ce a kan maganar nan kaɗai kike iya runtsawa. Ki ɗan ba ni lokaci.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya. A gaida mai gidan.

Tunda kin haɗa ni da Allah, ga shi. Ranar da muke share ɗakin, kina can kina ninke rigunansa, na ɗaga ledar ƙasa na ga tsutsa guda biyu. Hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba: na tsoma su a ruwan zafi don kada su tsuke, da butar shayinsa ma, sannan na sa a kwalba. Wallahi ban ji komai ba.

Jiya na duba ɗaya a madubi. Tsaga uku ce a kowace ƙofar numfashi, kuma sai ta girma ta saɓe sau biyu take kai uku. Ta ƙoshi, har ta bar abinci tana neman maɓoya. Wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne, Yaya, ba kuma na biyu ba. Maƙwabcin mutumin kirki ne, tausayinmu ya ji.

Shugabana na wurin aiki ya leƙa madubin, sai da ya yi kabbara. Irin wadda ya yi shekara da shekaru yana nema ce, ƙugiyar bakinta za ta nuna masa dangin da take. Ya yi ta jinjina min hannu yana murna, ni ko ina tsaye kamar icce. Ya tambaye ni inda na samo. Na ce masa a gida.

Taki har kullum,
Auta