Sandunan Jirgin Baba

Goronyo, daren Laraba

Baba ya wuni gindin darbejiya yana feƙe sandunan da za su ɗauki rufin ɗan jirgin ruwansa na katako. Jirgin na ado ne, a saman akwatin talabijin zai ƙare, amma kowace sanda sai ya lanƙwasa ta, wai don ruwa ya gangare. Tun ciwonsa na bara hannunsa ke rawa, ya kuma hana kowa taɓa aikin. Tsorona kada ya kasa, ya koma ɗaki ya kwanta.

Da sanda ta sake zame masa, ko kallona bai yi ba ya ce, "Ke mai digiri, mi kike jira? Riƙe nan."

Na riƙe, ya shafa gam, ta zauna daram. Wai yatsuna sun cika kauri, amma gobe in zo da wuri.